Ango, Ina Kuɗin Cefane?

Ɗana na biyu sikila gare shi. Shekararsa bakwai yanzu, kuma duk uwar da ta reni mai wannan lalura ta san cewa da hunturu ya kama, barcinta ya koma rabi da rabi. Sanyi yana tayar da ciwon, ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro ma haka. Jakar asibitinmu kullum tana rataye a bayan ƙofa, da zani biyu a ciki, da filas, da katinsa, da rigar sanyi, da 'yan kuɗin da ba na taɓawa komai tsananin babu.

Bara cikin sanyin Janairu, wajen ƙarfe biyun dare, ya tashe ni yana riƙe da ƙwaurinsa yana nishi. Na shafa masa man zafi, na ba shi ruwan ɗumi da maganin da muke ajiyewa a gida, abin bai lafa ba. Babansa ya buga wa maƙwabcinmu mai a-daidaita-sahu ƙofa, muka naɗe yaron a bargo muka tafi. Likitan da ke aikin dare ya duba shi, ya ce sai an ƙara masa ruwa an kuma ba shi maganin kashe zafi ta jijiya. Wato sai an sa kanula, 'yar siririyar robar da ake sokawa a jijiya a bar ta a ciki. Babansa ya ruga ya sayo ruwan da sirinji da safar hannu, muka dawo bakin gado.

Yaron da ya kasa ɗaga kai tun daga gida, yana ganin Sista ta yage ledar allura sai ƙarfi ya zo masa. Ya fisge hannu, ya dunƙule wuri guda, ya cusa kansa a cikina. Babansa ya riƙe ƙafafu, wani ma'aikaci ya danne kafaɗa, ni na kama hannun. Aka soka ta farko, ba a sami jijiya ba. Aka koma ɗaya hannun, nan ma ba a dace ba. A ta uku ne ya ɗago ya dube ni, hawaye da majina sun haɗe masa, ya ce, "Umma na tuba. Wallahi ba zan ƙara ba. Ki ce su bari, na tuba."

Har yau in na tuna kalmar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Me ya yi da zai tuba? Jini ne muka ba shi ni da babansa, ni AS shi AS, wato kowannenmu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, mun yi aure a lokacin da gwajin bai zama ruwan dare a unguwarmu ba. Amma na san inda ya samo maganar. Daga bakina ya same ta. Sau nawa ya ƙi cin tuwo na ce zan kira mai allura? Sau nawa ya yi ƙiriniya na ce gobe asibiti za mu a tsira maka ƙatuwa? Haka aka yi mana muna yara, haka na ji maƙwabta suna yi, ni ma na ɗora ba tare da na taɓa tsayawa na yi tunani ba. Yaron da rayuwarsa ta rataya a kan allura, ni da kaina na koya masa cewa allura horo ce ta masu laifi.

Muna cikin wannan hali wata dattijuwa ta shigo da bokiti da tsumman goge ƙasa. Mai shara ce a ɗakin yaran, za ta haura sittin, siririya, da goro a kumatu. Ta jingine sandarta a bango, ta tsaya ta ƙare masa kallo, sai ta riƙe haɓa ta ce da ƙarfi, "Au! Ashe nan ka zo ka ɓuya? Ango, kwana uku ina nemanka, ka bar ni ba ko sisin cefane. Ina kuɗin cefanena?"

Kukan ya ɗan tsaya. Ya leƙo ta ƙarƙashin hannuna yana kallonta.

"Dubi yadda yake kallona kamar bai san ni ba. Ko ka yi sabuwar amarya ne? Wannan ce?" Ta nuna Sista da baki. "To wallahi ba ta kai ni iya miyar kuka ba."

Sai ta dubi ma'aikacin da ya danne shi ta ce, "Ɗan nan, sakar mini miji." Ta ce da ni, "'Yata, ɗauke shi ki ɗora a cinya, ki jingina bayansa da ƙirjinki. Rufa masa hannun nan da zaninki ya ɗan yi ɗumi." Ta zaro safar hannu ɗaya daga cikin waɗanda muka saya, ta hura ta kamar balan-balan, yatsun suka miƙe tsaye, ta ɗaure bakin. Ta ari biro a aljihun Sista ta zana ido biyu. Babban yatsan ya zama baki, sauran huɗun suka zama zanko. Zakara ya fito sak. Ta sa shi ya yi cara, ta sa shi ya tsattsagi hancin babansa, ta ce zakaran nan na sadakinta ne kuma ba ya cara sai an hura masa iska a zanko. "Hura masa, ango. A hankali. Ƙara. Kai, wannan ai iskar tsoho ce, ja numfashi sosai ka hura."

Kafin Sista ta kama hannun, dattijuwar ta yi abin da ni ban taɓa yi ba. Ta ce masa, "Yanzu Sista za ta ɗan soke ka. Da zafi, kamar cizon cinnaka, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai dai aikinka hura wa zakara. In ka daina hurawa ya mutu, ka biya ni." Ya ji shigar allurar, ya ce wash, hawaye ya zubo, amma bai fisge ba, bai kuma daina hurawa ba. Jini ya leƙo a bayan kanular, Sista ta manna filasta. Dattijuwar ta ɗauki bokitinta ta wuce gado na gaba tana cewa saura kuɗin cefane, ba ta yafe ba.

Ciwon bai tafi don an yi masa wasa ba. Maganin da aka zuba ta jijiyar nan ne ya kwantar da shi, kuma kwana biyar muka yi kafin a sallame mu. Ina faɗin haka ne don kada wani ya karanta ya ɗauka dariya tana maye gurbin magani. Mai ciwon sikila in ya tashi, ƙashi ne yake sara, yana bukatar maganin zafi mai ƙarfi kuma da wuri. Amma sai da tsoro ya sassauta aka sami hanyar da maganin zai bi.

Bayan mun koma gida abin ya tsaya mini a rai, na riƙa bincike a waya cikin dare in yara sun yi barci. A nan na gano cewa abin da tsohuwar nan ta yi da safar hannu, a wasu ƙasashe sana'a ce sukutum, ana koyonta, ana biyan masu yinta albashi. 'Yan barkwancin asibiti ne, masu saƙala jan hanci kamar tumatir, su sa farar riga irin ta likita, aljihunsu cike da tarkacen wasa.

Wanda aka fi dangantawa da fara abin a tsare shi ne Michael Christensen, ɗan wasan barkwanci a birnin New York na Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta Big Apple Circus. Ɗan'uwansa ya rasu da ciwon daji, kuma a 1986 ya fara shiga asibitin yara da shigar likitan wasa. Abin da ya fi burge ni a salonsu shi ne kayan da yaro yake tsoro su ne suke mayarwa abin dariya. Su ce za su yi wa yaro dashen jan hanci, ko ƙarin jini da madarar cakulan. Daga nan abin ya bazu. A 1991 wata mata, Caroline Simonds, ta kafa ƙungiyar Le Rire Médecin a Faransa, a shekarar kuma Wellington Nogueira ya kafa Doutores da Alegria a Burazil. A Suwizalan wasu 'yan'uwa biyu suka kafa gidauniyar Theodora a 1993 da sunan mahaifiyarsu, saboda ɗaya daga cikinsu ya yi doguwar jinya yana yaro, kuma zuwan mahaifiyar da raharta ne abin da ya riƙe shi. A 2015 lardin Buenos Aires na Ajantina har doka ya yi cewa a samar da irin waɗannan mutane a asibitocin yara.

Da farko na ɗauka shiririta ce ta waɗanda suka ƙoshi. Da na karanta yadda suke aiki sai na ga akwai ladabi a ciki. Galibi bibbiyu suke tafiya. Kafin su shiga ɗaki sai sun ji ta bakin ma'aikatan jinya: wane ne aka yi wa tiyata jiya, wane ne bai kamata ya yi dariya mai ƙarfi ba saboda ɗinki, wace uwa ce aka gaya wa mummunan labari da safe. Suna wanke hannu da kayan wasansu kamar kowane ma'aikaci. Sannan su tsaya a bakin ƙofa su nemi izinin yaron. In ya ce ba ya so, su juya su tafi. Wannan ta tsaya mini. Yaro a asibiti ba a tambayarsa komai. A tuɓe shi, a juya shi, a soke shi, a ɗura masa abu mai ɗaci, duk ba da shawararsa ba. Sai ga wani babba guda da zai iya kora, kuma ya koru. Ɗan wasan yakan mayar da kansa wanda bai iya komai ba, ya sa abin awon ƙirji a gwiwa, ya kasa buɗe ƙofa, yaron ya zama shi ne mai gyara masa. Tsohuwarmu ma da ta kira shi ango ai girma ta ba shi. A ɗakin da manya uku suka danne shi, ita ta mayar da shi maigida wanda ake bin sa bashin cefane.

Likitoci sun auna abin. A asibitin yara na Meyer da ke Florence a Italiya, an yi nazari da yara 40 'yan shekara 5 zuwa 12 da za a yi wa ƙaramar tiyata, aka wallafa a 2005. Rabinsu sun shiga wurin sa barci da mahaifi ɗaya kawai, rabin kuma da mahaifi da 'yan barkwanci. Waɗanda aka raka da wasa sun fi samun natsuwa a lokacin sa musu maganin barci. Sai dai a nazarin nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba: yawancin ma'aikatan ɗakin tiyatar sun yarda abin ya amfani yaran, amma ba su so a ci gaba ba, don suna ganin yana kawo cikas ga aikinsu. Ban ga laifinsu ba. Wanda yake da marasa lafiya a jere yana kallon agogo, mai hura kumfar sabulu a gefensa zai iya zame masa ƙaya. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara nazari 24 da suka shafi yara sama da 1,600, sakamakon ya karkata ga cewa zuwan 'yan barkwanci yana rage fargaba da damuwa a wurin yaran da ke jinya.

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne in mutum ya taɓa riƙe hannun yaro mai firgita. Tsoro yana sa jijiyoyin hannu su tsuke, sanyi ma haka, ga yaron yana fisge-fisge. Shi ya sa aka soki ɗana sau uku a banza. Da aka ɗumama hannun, ya zauna a jikina maimakon a kwantar da shi a danne, numfashinsa ya daidaita saboda hurawar da yake yi, sai jijiya ta samu. Hankalin ɗan Adam kuma ba ya iya cika wuri biyu a lokaci guda. In rabi yana wurin zakara, rabi ne ya rage wa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2015 kan rage zafin allurar rigakafi, kuma abubuwan da ta lissafa ba su bukatar ko kwabo: uwa ta rungume ɗanta, jariri a ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita, ƙananan yara a ɗauke musu hankali da abin wasa ko waƙa ko hira, sannan ma'aikaci ya guji kalaman tsoratarwa, ya kuma guji ƙaryar cewa ba zafi. Dattijuwar nan ba na jin ta taɓa ganin takardar, amma kusan duk abin da ke ciki ta aikata a cikin minti biyar.

Maganar ƙarya ita ce ta fi yi mini wuya in bari. Bakina ya saba da "ba zafi, ba zafi, an gama", alhali ba a ma fara ba. Yaro ba wawa ba ne. Ka ce masa ba zafi ya ji zafi, gobe ko gaskiya ka faɗa ba zai yarda ba, kuma mai sikila gobensa a asibiti suna da yawa. Yanzu tun a gida nake gaya masa: yau za a ɗebi jini, za a soke ka sau ɗaya in Allah ya sa a dace, zai yi zafi kaɗan, kana iya yin kuka in kana so, hannun ne kawai ba a motsawa. Nakan bar shi ya zaɓi hannun da za a soka, ya zaɓi ko zai kalla ko zai juya kai. Shi mai kallo ne, ashe. Duk shekarun da na yi ina rufe masa ido da tafina, ƙara masa tsoro nake yi.

Ba na cewa a kwaso jan hanci da fentin fuska a kawo mana. Yaran unguwarmu in suka ga mutum da farar fuska da jan baki ya leƙo ta labule cikin dare, dodo za su kira shi, wata kakar ma sai ta hau addu'ar neman tsari. Ko a Ingila an taɓa tambayar yara a wani nazari na jami'ar Sheffield game da adon bangon asibiti, da yawansu suka ce hoton irin waɗannan 'yan wasa ba ya burge su, wasu ma tsoro yake ba su. Mu muna da namu. Muna da wasan kaka da jika, wanda shi tsohuwar ta ɗauko: jika namiji miji ne, mace kishiya. Muna da wasan taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, wasan da a Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Muna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da zancen abinci, sarakuna suna da wawan sarki. Yaranmu da kansu in azumi ya kai goma suna fita tashe su yi Jatau mai magani, su rataya tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle suna kwaikwayon mai ba da magani, unguwa ta yi ta dariya. Mayar da mai magani abin wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da muka rasa shi ne ɗaukar sa da daraja a cikin asibiti.

A nan ne raina yake ɓaci. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Ga masu ciwon daji, ga waɗanda suka ƙone ake wanke musu ciwo kullum safiya, ga masu tamowa da ake sa wa robar abinci ta hanci. Duk waɗannan yara ne da za su yi ta komawa hannun ma'aikatan lafiya. Amma in yaro ya yi kuka sai a daka masa tsawa, a ce namiji ba ya kuka, a ce da uwar ta fita waje tana lalata shi. Na san ma'aikatan jinyarmu a gajiye suke, mutum ɗaya da gado ashirin a dare guda, ga rashin kayan aiki, ga wuta tana ɗaukewa a nemi jijiya da fitilar waya. Ban zo ɗora musu wani kaya ba. Cewa nake yi dannewar nan da ake gani kamar ita ce mai sauri, a daren nan ta ci mana kanula uku da kusan rabin awa da mutum huɗu. Wasan tsohuwa ya ci safar hannu ɗaya.

Ina da buri, kuma ba na jin ya fi ƙarfinmu. A makarantun koyon aikin jinya a ware ko 'yan awoyi ne a koya wa ɗalibai yadda ake riƙe yaro a cinya maimakon danne shi, da abin da ake faɗa masa da wanda ba a faɗa. Ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'o'inmu da matasan da ke ba mutane dariya a TikTok, wasu cikinsu za su iya wannan aiki in an horar da su aka kuma sa musu ƙa'ida, ta farko ita ce waya ta zauna a aljihu, ɗan wani da ke kwance ba abin ɗauka a watsa ba ne. Masu irin halin tsohuwar nan kuma, da suke cikin asibitocin tun tuni suna yi don Allah, a san da su. Ko sunanta ba na jin manyan wurin sun sani. Ni ma Iya kawai na ji ana kiranta.

Wata aminiyata da na ba wa labarin ta ce ita ba ta ga dacewar wasa a inda wasu ke cikin tashin hankali ba, gado na kusa wataƙila rai ake jira. Maganarta tana da kama, kuma na yi ta juya ta. Abin da na gani dai shi ne Iya ba kowane gado take yi wa wasa ba. A kwana biyar ɗin nan na ga ta wuce wani gado shiru, ta goge ƙarƙashinsa a hankali, ta dafa kafaɗar uwar ta ce sannu, Allah ya ba shi lafiya, ta wuce. Ta san inda ake cara da inda ake yin shiru, kuma a ganina sanin nan shi ne rabin aikin.

A jakar bayan ƙofa yanzu na ƙara abu biyu: 'yar kwalbar ruwan sabulu da wani zoben waya da babansa ya lanƙwasa, na hura kumfa. Zakaran safar hannu na daina barinsa a hannun ƙanwarsa, don roba in ta fashe yaro ƙarami yana iya kai ta baki ta shaƙe shi. Kalmar allura kuma ta fita daga bakina a wurin faɗa. Ranar da yayarsa ta ce masa in bai ba ta biskit ba za ta sa a yi masa allura, na zaunar da su duka na ce a gidan nan ba a ƙara tsorata kowa da magani.

Bayan ƙaramar Sallah muka koma ganin likita, ranar awon jini. Tun a gida na ga yana cusa wani abu a aljihun wandonsa, ban tambaya ba. Muna kan benci muna jiran layi sai ga Iya ta fito daga ɗakin yara da bokitinta. Ya zame daga jikina ya tare ta, ya zaro naira hamsin a dunƙule, cikin kuɗin barka da Sallarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ajiye bokitin, ta warware takardar, ta ɗaga ta sama tana dubawa.

"Wata huɗu, ango, hamsin? Wannan ko daddawa ba za ta saya ba."

Ya ce saura sai babbar Sallah. Ta ƙulle kuɗin a bakin zaninta, ta kama hannunsa, aka kira lambarmu, su biyu suka shige ɗakin ɗibar jinin ina biye da su da katin.